Notin Babur, Sifana da Hannun Maigida

Yau zancen babur na kawo muku, kuma kada wata ta ce ina ruwanta tunda ba ita ke tuƙawa ba. A nan Dutse gida nawa ne babu mashin a zaure? Shi ke kai yara makaranta, shi ke ɗauko cefane daga kasuwar Shuwarin, wani lokacin ma shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Ranar da ya lalace mu ne farkon masu ji a jikinmu.

Asabar ɗin da ta wuce na dawo daga aikin dare, ina shirin kwanciya, sai na ji ana buga ƙarfe a tsakar gida. Abban yara ne ya tasa Boxer ɗinsa a gaba. Salansa ce ta fara ƙara, shi kuma ya ce ba zai biya bakanike a kan noti biyu kacal ba. Na farko ya kwance lafiya lau. Na biyun ya ce allambaran. Ruwan damina ya jiƙa shi, zafin inji ya gasa shi, tsatsa ta haɗe shi da abin da yake ɗaure a kai.

Sifanar da ke hannunsa ta ɗan yi wa notin yawa, amma haka ya ɗora ta ya danna da iya ƙarfinsa. Ta zame, bayan hannunsa ya daki gefen inji, fata ta tsage, jini ya ɓalle.

"Maman yara, ɗan tsiyayo min fetur in zuba a kai, yanzu zai tsaya."

Na ce, "Haba Abban yara, ina cikin gidan nan za a zuba wa ciwo fetur?"

Na ja shi bakin randa. Ina cikin wanke masa hannun na ji babbar 'yarmu ta ƙwala ihu. Autanmu mai shekara biyu ne ta fizge wa robar lemo daga baki. Kananzir ne a ciki, wanda babansu ya zuba don jiƙa notin, ya ajiye a ƙasa ba murfi. Allah ya kiyaye bai kai ga haɗiya ba, amma na fi awa guda jikina yana rawa. Garin neman gira mun kusa rasa ido.

Bari in fara da ciwon. A wurin aiki ina yawan ganin matasa daga gareji an zuba wa rauninsu man birki, ko fetur, ko baƙin mai. Babu ɗayansu da ke warkarwa. Suna ƙona naman da ya kamata ya haɗe, baƙin mai kuma datti yake ƙarawa. Abin yi shi ne a danne wurin da tsumma mai tsafta har jini ya tsaya, a wanke da ruwa mai yawa da sabulu har ƙasa da maiƙo su fita, sannan a rufe. Idan ciwon ya yi zurfi, ko ya buɗe baki, ko yatsa ya ƙi lanƙwasuwa, ko jini ya ƙi tsayawa bayan minti 10 ana dannewa, sai asibiti.

Sai maganar sarƙe-haƙora, wadda a asibiti muke kira tetanos. Mutane na cewa tsatsa ce ke kawo ta. Gaskiyar ita ce ƙwayar cutar tana zaune ne a cikin ƙasa da ƙura da kashin dabbobi, kuma babur ɗin da ke bin hanyoyin Kiyawa da Jahun da damina ai ya kwaso su duka. Idan ta shiga ta rauni, alamunta kan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21: muƙamuƙi ya riƙe, wuya ya sandare, haɗiya ta gagara. A lokacin sau da yawa ciwon ya bushe, an ma manta da shi.

Mu mata muna samun allurar rigakafinta a wurin awo, kuma ana so mace ta cika 5. Jarirai suna samunta cikin allurar Penta a sati 6 da 10 da 14. Mazan fa? Da yawansu rabonsu da ita tun suna goye, wasu ba a taɓa yi musu ba. Ga rauni mai datti, in allurar ƙarshe ta haura shekara 5, ko mutum bai san yaushe aka yi masa ba, a je a ranar, a kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiya, don wani bayan allurar rigakafin yana buƙatar ƙarin wata. Abban yara ya so ya yi min gardamar maza. Na ce masa ba zan sa masa abincin rana ba sai ya nuna min inda aka soka masa allura. Ya je.

Na biyu, kananzir da fetur. Don Allah kada a zuba su a robar lemo ko ta ruwan sha, yaro ba ya karanta abin da ke ciki, robar kawai ya sani. In tsautsayi ya sa ya sha, kada ki sa masa yatsa a maƙogwaro, kada ki ɗura masa manja ko madara. Haɗarin kananzir shi ne ya shiga huhu, kuma amai ne ke buɗe masa hanya. Ki cire masa rigar da ta jiƙe, ki wanke masa baki da jiki, ki zaunar da shi a miƙe, ku tafi asibiti da robar a hannu, ko da kin ga yana wasa. Tari da saurin numfashi na iya zuwa bayan wasu awoyi.

Notin kuwa, da yamma aka kira wani dattijon bakanike na unguwarmu. Na tsaya ina kallo. Ya fara goge tsatsar da burushin waya. Ya fesa man sassauta noti, irin su WD-40, ya nemi wuri ya zauna ya sha ruwa. Bayan kusan rabin awa ya ɗan ƙwanƙwasa notin da ƙaramar guduma don tsatsar ta farfashe. Ya zaɓo sifana mai zobe wadda ta zauna cif, ya ɗan ƙara ɗaure notin kaɗan, sannan ya juya shi hagu, yana yi yana mayarwa. Ya fito ba tare da ya karye ba.

Ya ce da maigidan, "Alhaji, sifana janyo ta ake yi wajenka. In dole sai ka tura, to da tafin hannu a buɗe, ko ta zame yatsunka sun tsira." Ya ƙara da cewa wanda ya gagara ana gasa shi da wuta, amma wannan aikin gareji ne, bayan an cire tanki, ba na tsakar gida kusa da fetur da yara ba. In kuma kan noti ya fara cinyewa, a tsaya nan, don in ya karye a ciki kuɗin gyaran sai ya ninka. Mai haƙuri, in ji shi, shi ke dafa dutse.

Ba na hana kowa taɓa babur ɗinsa, rayuwa ta yi tsada. Amma yanzu a gidanmu, ranar gyara yara suna ɗaki, kananzir yana galan mai murfi a saman katanga, sabulu da ruwa suna kusa.

Yau da dare ki tambayi maigida yaushe rabonsa da allurar sarƙe-haƙora. In ya tsaya yana sosa ƙeya, kin samu amsa. Ki kuma leƙa zaure ki ga me ke cikin robobin da ke gefen babur. Ina jiran jin abin da kuka tarar.

Allah ya tsare mana mazajenmu da zuri'armu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.