Hannun da Ya Taɓa Doki

A wasan ces, wato darar Turawa, akwai wata doka da nake so mu duba. Idan kai ne da wasa, ka taɓa ɗanka da gangan, to shi za ka motsa muddin yana da wurin zuwa. In ka ajiye shi ka ɗauke hannu, magana ta ƙare.

A gasar da kowa zai iya biyan kuɗin rajista ya shiga, alluna sukan yi yawa, alƙalai kuwa kaɗan ne. Gwanaye suna gaba, jama'a sun kewaye su. Can baya, a ce malamin makaranta ne da ɗalibin jami'a, an shafe awa uku ana gumi. Ɗalibin ya kama dokinsa, nan take ya gane in ya ɗaga shi sarauniyarsa ta tafi. Malamin ya tashi shan ruwa. Ba wanda ya gani.

A ganina, ya motsa dokin nan, ya haƙura da sarauniya.

Wani zai ce, "Fasto, wasa ne fa, ko manya sun yi." Sun yi kam. A Linares ta ƙasar Sifen, a 1994, Garry Kasparov ya ajiye dokinsa, ya koma ya ɗauke shi ya kai wani gida, a karawarsa da Judit Polgar mai shekara 17. Ya ci wasan. Hoton bidiyo ya nuna yatsunsa sun rabu da dokin, har yau kuma ba a daina zancen ba.

Ɗalibinmu ba kyamara a kansa, shi da lamirinsa ne kawai a gaban Allah. Zabura ta 15 ta sa mai cika rantsuwarsa ko da za ta jawo masa hasara cikin masu zama kusa da Ubangiji. Gaisawar da 'yan wasa suke yi da hannu kafin a fara, alkawari ce na bin doka. Hannun da ya saba janyewa a ɓoye, shi ne gobe zai ƙirga baikon zumunta, shi zai rubuta jarrabawa.

Ban ce Allah zai mayar masa da sarauniyarsa ba. Tsakanin 'yan koyo, wanda ke kan gaba yakan yi sakaci a wasu lokuta, amma galibi ɗalibin zai sha kaye, ya miƙa hannu, ya jira zagaye na gaba.