GIDA DA LAMBU: Shinge Mai Rai Daga Dashen da Ba Ƙasa a Saiwarsa

Ran nan wata uwargida ta nan unguwarmu, Tudun Wada, ta tsai da ni a bakin hanya ina komowa daga makaranta. Ta ce, "Malam, dangar karan da maigidana yake kafawa kowace kaka, kafin damina ta raba gara ta cinye ta, awakin maƙwabta kuma su faɗo su gama mini da alayyaho. Har mun soma samun saɓani da mutanen da muka shekara goma muna zaman lafiya da su. Kuɗin bulo kuwa ba mu da shi. Ƙanena ya ce zai tumɓuko mini 'yan itatuwan shinge daga wurinsa kyauta, amma ba ƙasa a saiwarsu. Za su kama kuwa?" Na ce, "Uwargida, za su kama, in an san lokacinsu." Na yi mata alkawari zan rubuta amsar a wannan fili, gama na san ba ita kaɗai ke da wannan damuwa ba.

Bari in fara da tonon asirin kaina. Shingen farko da na dasa, a cikin watan Oktoba na dasa shi, domin lokacin ne na sami 'yan kuɗi. Na ɗauro dashe 40 a bayan keke, saiwa a waje, na biya kasuwa, na tsaya gaisuwa nan da can, ban iso gida ba sai azahar. Kafin Kirsimati shida kaɗai suka rage. Na daɗe ina zargin mai sayarwa, alhali laifin nawa ne daga farko har ƙarshe.

Ga abin da ban gane ba a lokacin. Manyan saiwoyin da ido yake gani, aikinsu riƙe itace ne da ajiyar abinci. Masu shan ruwa su ne ƙananan nan masu kama da gashi, su kuwa rana da iska suna kashe su cikin ɗan lokaci kaɗan. Dashen da ya zo cikin leda yana tafe da ƙasarsa, saiwarsa ba ta san an yi ƙaura ba. Wanda aka tumɓuke tsirara ya riga ya yi hasarar rabin bakinsa, ga shi kuma ganyensa bai daina fitar da ruwa ba. Dukan dabarar ita ce a rage masa fitarwa har ya sake yin sabon baki. Manomanmu sun san wannan tun kaka da kakanni: mai dashen dawa yakan jira ranar da gari ya lumshe, ya datse ganyen, sa'an nan ya dasa.

A Ingila, inda ake yawan sayar da irin wannan dashe, tsakanin Nuwamba da Maris suke dasawa, domin sanyi yakan sa itatuwansu barci. Kada wani ya karanta haka a littafi ya kwaikwaya. Watannin nan su ne hunturunmu da bazararmu, itacen da ba ya zubar da ganye kuma ba ya barci a ƙasarmu. Mu a Zariya lokacinmu daga ƙarshen Yuni ne zuwa ƙarshen Yuli, sa'ad da ruwa ya zauna, ƙasa ta jiƙu har ciki, iska kuma tana da laima. Ruwa yakan ɗauke mana wajen farkon Oktoba, watau dashen Yuli yana da wata biyu da wani abu na kafa saiwa. Na Satumba bai sami komai ba sai wahala.

To, wane iri za a dasa? Aguwa da bini-da-zugu sun daɗe suna tsare gonaki a ƙasar Hausa, akuya ba ta cin su, amma da rani ya yi sai su tsaya tsirara, ga kuma guba a ruwan jikin aguwa da 'ya'yan bini-da-zugu. Ba su dace da tsakar gida mai yara ba. Lalle ya fi su nesa. Yana jure fari, in ya manyanta yakan yi 'yan ƙayoyi, furensa yana ƙamshi da dare, mata kuma su ɗebi ganye ba sai sun je kasuwa ba. In yana samun ɗan ruwa da rani, ba ya rasa ganye.

Mai son launi kuwa, sai ya dubi duranta, wanda masu sayar da furanni suke kira yalo bush. Asalinsa daga ƙasashe masu zafi na nahiyar Amurka ne, amma yau ya cika makarantu da asibitoci da gidajen ma'aikata a Samaru da Kongo har ka ce ɗan gida ne. Ganyensa ruwan ɗorawa ne mai haske, muddin yana cikin rana. In aka sa shi a inuwar mangwaro sai ya koma kore kamar kowa. Akwai kuma akalifa, mai faffaɗan jan ganye, ɗan tsibiran tekun Fasifik. Kyakkyawa ne ƙwarai, sai dai shan ruwa gare shi, hunturu kuma yakan yamutsa shi. Ni a ganina, wanda ba shi da rijiya a gida ya dasa akalifa uku ko huɗu a bakin ƙofa domin ado, sauran ya cika da duranta da lalle. Wanda ya jera akalifa ƙafa 50 yana sayen ruwa wurin 'yan garuwa, zai tuna da maganata a watan Maris.

Kafin a haƙa komai, a kira maƙwabci a nuna masa inda igiya za ta bi. A ja layin kamar ƙafa ɗaya da rabi cikin filinka, domin shinge yana faɗi. Wannan gaisuwa ta minti biyar ta fi zuwa gaban mai unguwa bayan shekara uku.

Sa'an nan a haƙa doguwar kwana, ba ramuka ɗai-ɗai ba, faɗinta ƙafa ɗaya da rabi, zurfinta ma haka. Ƙasar gidajenmu na Tudun Wada ta sha taku, cike take da ɓaraguzan gini da tsofaffin ledoji, wani wuri kuma marmara tana kusa. A tsince duka, a fasa ƙasan kwanar da diga domin ruwan Agusta ya sami hanyar nutsewa. A gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, kwano ɗaya na taki ga kwano uku na ƙasa, a zuba ɗan toka. Na ce ruɓaɓɓe. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona saiwa, busasshen da bai ruɓe ba kuma gayyatar gara ne. Takin zamani a bar shi tukuna sai sabon toho ya fito. A gama wannan aiki mako guda kafin dashen ya iso. Dashe ba ya jiran rami, rami ne yake jiran dashe.

Ran tumɓukewa, a jiƙa wurin sosai tun da safe, a haƙo da cebur ko fartanya, kada a fizga da hannu. A zaɓi matasa, masu tsawon ƙafa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kaurin fensir. Manya suna ruɗin ido, amma su ne suka fi mutuwa. Nan take a dama yumɓu da ɗan ruɓaɓɓen taki a bokiti, kaurinsa kamar kunu, a tsoma saiwoyin su sha rufi, a naɗe su cikin jiƙaƙƙen buhu. Daga can sai gida, ba biyawa kasuwa. In dare ya yi ba a dasa ba, a kwantar da su a inuwa a rufe saiwar da danshin ƙasa. Za su yi kwana biyu ko uku a haka.

Da la'asar sakaliya ake dasawa. A datse kashi ɗaya cikin uku na tsawon kowane dashe, ko ma rabi, a cire yawancin manyan ganyen, a yanke saiwar da ta karye da wuƙa mai kaifi. Yaran ajina sukan yi kukan zuci in sun ga ina wannan yanka, suna cewa na lalata itacen, amma shi ne ceton ransa. A baza saiwar, kada ta lanƙwashe sama. A binne daidai inda ƙasa ta tsaya masa a dā. Akwai alama a jikin karan, inda launi ya sāke. A taka da diddige a hankali, a ba shi ruwa ko da hadari yana bisa, domin ruwan ne yake manna ƙasa da saiwa. Tazarar ƙafa ɗaya ta isa ga duranta, ƙafa ɗaya da rabi ga lalle da akalifa. Watau shinge mai tsawon ƙafa 30 zai ci duranta wajen 30, ko lalle 20. A ajiye biyar a gefe domin cike giɓi. Mai son shinge mai kauri ya yi layi biyu, kowane uku su zauna kamar duwatsun murhu.

Cikin mako na farko za su yi yaushi, waɗansu su zubar da sauran ganyen. Kada a karaya. A kankare ɓawon da farce. In cikin kore ne, yana da rai. Sabon toho yakan fito cikin mako biyu zuwa huɗu. In ruwa ya yi fashin kwana uku, a shayar da yamma.

Dangar karan nan kuwa, uwargida, kada a rushe ta tukuna. Shekarar farko shinge ba ya tsare kowa, shi ake tsarewa. A bar dangar daga waje har damina biyu.

Ranin farko shi ne jarrabawa. A shayar sau biyu a mako, ruwa mai yawa ya nutse, ya fi yayyafin kowace safiya wanda yake jawo saiwa sama. Ruwan wanka da na ɗauraya sun isa, amma ban da na wanki mai yawan garin sabulu. A rufe gindin da ɓawon gyaɗa ko busasshen ganye, a bar tazarar yatsu huɗu daga karan, a riƙa ɗagawa ana duba gara.

Kuskuren da na fi gani shi ne ɗokin tsawo. Mutum ya bar shingensa ya miƙe har kafaɗa kafin ya taɓa shi, sai ya sami gashi a sama, ƙafafu tsirara a ƙasa, kaji suna shiga suna fita. Tun yana ƙarami a riƙa tsinke kan toho, domin kowane kan da aka tsinke yakan fito da rassa biyu ko fi. In ya kai aski, a bar gindi ya fi sama faɗi, rana ta sami ganyen ƙasa. Da damina duranta yana son almakashi kusan kowane wata. A share ƙarƙashinsa kullum, kada ya zama maɓoyar maciji da kunama.

Abu guda game da duranta wanda masu sayarwa ba su cika faɗa ba: in aka bar shi ba aski, yakan yi fure, ya zuba 'ya'ya ƙanana masu ruwan lemo a jere, abin sha'awa ga ƙaramin yaro. Akwai guba a cikinsu. Askin da ake yi a kan kari yakan hana su fitowa, waɗanda suka ɓuya kuma a tsinke a binne. In yaro ya haɗiye su, a tafi da shi asibiti tare da reshen, kada a tsaya ba shi manja ko madara a gida.