Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamitin Gasar Mutum-mutumi Ta Makarantun Jiharmu



Ranku ya daɗe, ina fara yi muku godiya. Yaran da a da ba su taɓa riƙe waya da batir da sunan karatu ba, yau suna rubuta umarni a kwamfuta, mutum-mutumi ya tashi ya bi layi. Da guminku aka kai nan, Allah ya saka da alheri.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne majalisar ɗalibai da kuka kafa bara. Ku kuka ce kowace makaranta ta turo wakili, ku kuka ce yara su zaɓi shugabansu. Suka zaɓi wata ɗalibata 'yar aji biyar, yarinya mai natsuwa wadda ta fi ni iya gano inda waya ta kwance. Ta ɗauki abin da gaske. Ta bi wakilai ɗaya bayan ɗaya, wasu ta wayar iyayensu, ta tattara kokensu ta rubuta da hannunta. Manyan buƙatun ba su da wuya. Na farko, a ɗaga ranar gasa daga watan Mayu, domin lokacin ne 'yan aji shida ke tsakiyar jarrabawar WAEC, kuma su ne ƙwararrun kowace tawaga. Na biyu, a tsara yadda makarantun da ke karɓa-karɓar akwatin kayan haɗi ɗaya za su riƙa samun kwanaki daidai, don kada makarantun kuɗi na cikin birni su riƙe shi sai ana gobe gasa. Sai kuma wurin cajin batir ga waɗanda unguwarsu ba wuta.

Ta miƙa takardar, shiru. Ta sake miƙawa, aka ce ana dubawa. Ranar gasa ta zo a Mayun, makarantu da dama suka zo da rabin tawaga. Aikin da aka ba 'yan majalisar a ranar kuwa shi ne jera kujeru, raba ruwa, da tsayawa bayan manyan baƙi a ɗauki hoto. An ɗinka musu riguna masu kyau, ban musa ba. Bayan mako biyu yarinyar nan ta zo ofishin malamai ta ce, “Malam, na ajiye. Ba sa buƙatarmu.” Na rasa abin da zan ce mata, kuma har yau abin yana ci mini rai, domin ni na lallashe ta ta tsaya takara.

Ni a ganina tsoro ne ya jawo haka. Mun saba yaro ya yi shiru a gaban babba, sai muke ɗaukar shawararsa a matsayin raini. Amma tsarin da kuka aro ba haka yake ba. Dean Kamen ya kafa ƙungiyar FIRST a Amurka a 1989, gasarta da kamfanin LEGO ta fara a 1998, kuma ginshiƙinta shi ne yara su yi aikin da kansu. A minti biyu da rabi da ake bai wa mutum-mutumi a kan tebur, mai horarwa ba ya sa hannu, kuma yaran alƙalai ke yi wa tambaya. Tun 2010 ma ƙungiyar ke ba da lambar yabo ta musamman ga ɗaliban da suka nuna jagoranci. To in mun yarda yaro ya iya warware matsalar na'urar gane launi shi kaɗai, me zai hana mu yarda ya san ranar da jarrabawarsa take?

Ban ce ku miƙa musu asusu ba. Ku ba majalisar kujeru biyu a zamanku, da damar jefa ƙuri'a a kan ranar gasa da rabon kaya. Duk takardar da suka kawo a amsa ta a rubuce, ko da amsar a'a ce, a faɗi dalili. A ware musu ɗan kuɗin mota da na kati. 

Wani lokaci nakan ce a raina ba abin da zai canja, za a sake zaɓe a sake ɗinka riguna. Amma na san akwai masu jin magana a cikinku, kuma ƙananan wakilan ba su karaya duka ba, har sun fara tambayata yaushe za a buɗe takara. Ina roƙonku, kafin ku tsayar da ranar gasar bana, ku kira su ku zauna da su.

Wassalam.

Naku,
Malamin kimiyya, mai horar da ɗaya daga cikin tawagoginku.