Tauraron Bama Ba Ya Biyan Bashi

A shekarar 1945 Birtaniya ta ƙirƙiro lambar yabo ta Tauraron Bama domin waɗanda suka yi yaƙi a can tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945. Dubban 'yan Najeriya sun cancance ta: dakarun Runduna ta 81 da suka kutsa kwarin Kaladan, da na Runduna ta 82 da suka haɗu da su aka karɓe Myohaung daga hannun Japanawa a Janairun 1945, da kuma bataliyoyin da suka shiga sahun Chindit a 1944. Da yawansu 'yan dako ne, sun ɗauki harsashi da abinci a ka cikin kurmin da mota ba ta shiga.

Masu kare martabar daular sukan ce lambar shaida ce ta adalci, tunda tauraron da aka maƙala wa Bature shi aka maƙala wa Bakano. Gaskiya ne, tagulla ɗaya ce, kuma Birtaniya ba ta zana sunan kowa a bayanta ba. Amma daidaiton a ƙirji ya tsaya, bai sauko aljihu ba. Kuɗin sallamar sojan Afirka bai kai na Bature mai irin muƙaminsa ba, domin da launin fata aka tsara ma'aunin. Lamba mafi daraja kuwa, Victoria Cross, babu baƙar fatar Afirka ko ɗaya da ya samu a duk tsawon yaƙin. Shin jarumta ce ta yi ƙaranci, ko alƙalamin masu ba da shawara ne ya ƙafe?

Tsofaffin sojojin sun fahimci wannan sarai. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 a Accra suka nufi fadar gwamna da takardar koke kan haƙƙoƙinsu, 'yan sanda suka buɗe wuta, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey suka faɗi.

Sai dai laifin bai ƙare a Landan ba. Najeriya ta gaji sunayen fagagen daga da na dakaru ta liƙa wa barikoki: Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, Dodan da Myohaung a Legas. Dodan ma fadar mulkin ƙasa ce har 1991. Ɗalibin da ke wucewa ta ƙofar barikin Dalet kullum zai iya kammala jami'a bai san wani wuri ne a Bama ba, balle ya san cewa tauraron da ke cikin adakar kakansa daga can aka samo shi.