Kafin Ka Ɗauki Jaka Zuwa Turai Neman Digirin Harkar Kuɗi

A 'yan shekarun nan da wuya ka zauna da ɗaliban ajin ƙarshe ba ka ji maganar tafiya Turai yin digiri na biyu a fannin harkar kuɗi ba, da burin kama aikin banki. Buri ne mai kyau. Sai dai na lura da yawanmu sunan makaranta kawai suke dubawa. Ra'ayina shi ne, ya kamata suna ya zo daga baya. Abin da za a fara tambaya shi ne: a wace ƙasa nake son yin aiki, kuma ko ƙasar za ta bar ni in yi?

Da farko dai, mu dubi dokar zama. Birtaniya ta buɗe bizar zama bayan kammala karatu a Yulin 2021, wadda ta ba mai digiri na biyu shekara 2 ya nemi aiki. A 2025 gwamnatinsu ta sanar za ta rage wa'adin zuwa wata 18 daga Janairun 2027. Haka kuma tun Janairun 2024 aka hana masu irin wannan kwas tafiya da mata ko 'ya'ya. Jamus tana ba wanda ya gama jami'arta wata 18 na neman aiki, Holan kuwa shekara 1. Wanda bai san wannan ba ya biya kuɗi, ya sayi doki ne bai tambayi inda zai ɗaure shi ba.

Na biyu, tsawon kwas. Yawancin kwasa-kwasan Ingila shekara 1 ne, na Jamus da Italiya kuwa galibi shekara 2. Mutum zai ce gajeren ya fi, tunda ya fi sauƙin kuɗin haya da abinci. To amma manyan bankunan Landan suna ɗaukar sababbin ma'aikata ne mafi yawa daga cikin waɗanda suka yi musu aikin sanin makama a hutun bazara, kuma akan buɗe neman guraben tun watanni masu yawa kafin lokacin. Ke nan ɗalibin da ya sauka a Satumba, bai ma gama sanin hanyar aji ba, ya tarar ana rububin guraben. Mai kwas na shekara 2 yana da dogon hutu a tsakiya, in ya rasa a karon farko yana da sauran dama. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, kuɗi. Yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin karatu, ko da yake jihar Baden-Württemberg, inda Jami'ar Mannheim take, ta ɗora yuro 1,500 a kowane zangon karatu kan ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba tun 2017. Duk da haka, a 2024 an ƙayyade yuro 11,904 a matsayin kuɗin shekara da mai neman biza zai nuna, galibi a asusun da ba a cirewa sai wata-wata. A Ingila kuwa kuɗin manyan makarantu yakan kai dubban gomomin fam. Mu tuna, bayan da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024. Iyayen da suka sayar da gona ko fili bisa lissafin farko, sun wayi gari kuɗin bai kai ba. Akwai tallafi irin su DAAD da Erasmus Mundus da Chevening, amma kowanne da sharaɗinsa. Chevening, alal misali, yana neman wanda ya yi aiki shekara 2, kuma dole ya koma gida na aƙalla shekara 2 bayan karatu. Don haka bai dace da mai son zama a Landan ba.

Na huɗu, harshe, wanda mu ɗaliban harshe muka fi kowa sanin nauyinsa. Za a koyar da kai da Ingilishi a Jami'ar Bocconi ta Milan ko a HEC ta Faransa, amma mai ajiya a banki da harshensa yake son a yi masa magana. Birnin Frankfurt, mazaunin Babban Bankin Turai, yana da guraben da Ingilishi ya wadatar, sai dai wanda ya iya Jamusanci ƙofofinsa sun fi yawa. Yadda ma'aikacin banki a Kano yake jan 'yan kasuwar Kwari in yana jin Hausa, haka abin yake a can.

Wani zai ce ai suna ne ke buɗe ƙofa. Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Manyan bankunan zuba jari suna da makarantun da suka saba ɗiba daga cikinsu, irin su LSE da London Business School da St. Gallen ta Suwizalan. In ka samu gurbi a ɗayansu kuma kana da halin biya, to bismillah. Matsalar ita ce masu cin bashi don shiga makarantar da ba ta cikin wannan sahu, amma kuɗinta ya kusa nasu, don kawai tana Ingila. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ga wanda kuma burinsa bankunan gida ne, shawarata ya fara kama aiki a nan. A Maris 2024 Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankuna masu lasisin ƙasa da ƙasa su kai jarinsu naira biliyan 500, kuma bankuna irin su Zenith da Access da UBA suna da rassa masu zaman kansu a Landan. Wanda ya yi shekara biyu ko uku a ciki zai san ɓangaren da yake so, ko bashi, ko kula da haɗari, ko bankin Musulunci, sannan ya zaɓi kwas ɗin da ya dace. Mu da muka karanta fannonin da ba na lissafi ba, wannan ce ma hanyar da ta fi mana, domin yawancin kwasa-kwasan suna neman tushe a lissafi da ƙididdiga, wasu har da jarrabawar GMAT.

A ƙarshe, ina kira ga duk mai wannan niyya da ya rubuta wa makarantar ya tambaye ta: ɗalibanku 'yan Afirka na bara, ina suke aiki yanzu? In ta kasa ba da amsa, ya riƙe kuɗinsa. Allah Ya yi mana jagora, amin.