Suna Ba Shaida Ba Ne: Hattara da VLOOKUP Wajen Haɗa Sakamako

A ƙarshen kowane zangon karatu, jami'in jarrabawa kan zauna da jadawali biyu a manhajar Excel: ɗaya na sunayen ɗalibai, ɗaya na makin da malamai suka miƙo. Umarnin VLOOKUP ne ke haɗa su. Ana nuna masa abin da zai nema, da yankin da zai bincika, da lambar layin tsayen da zai ɗauko amsa. Sai ya bi layin farko na hagu har ya ci karo da abin, ya kwaso makin da ke gabansa. Aikin kwanaki ya koma na mintuna. Sai dai sauƙin nan ya sa ana ba shi amanar da ta fi ƙarfinsa.

Umarnin yana da gurbi na huɗu wanda da yawa ke tsallakewa. Muddin ba a rubuta FALSE ko 0 a wurin ba, Excel zai ɗauka makusancin abu ake so, ba ainihinsa ba. Idan kuwa jadawalin ba a jere yake ba, yana iya liƙa wa ɗalibi makin wani ba tare da ko alamar gargaɗi ba.

Babban haɗarin ma yana wajen neman ɗalibi da sunansa. Mutum guda kan fito da Muhammad a takardar rajista, Mohammed a takardar malami, Muhammadu a wata. Wanda ya buga Ɗanladi da ƙugiya da wanda ya buga Danladi babu ita, a wurin na'ura mutum biyu suka rubuta. Akasin haka ya fi muni: idan aji yana da masu suna Aisha Abubakar guda biyu, abin da ba baƙo ba ne a jami'o'in Arewa, VLOOKUP zai tsaya a kan ta farko, ya ba su duka makinta. Ta biyun tana iya maimaita darasin da ta riga ta ci.

Lambar rajista ce kaɗai ta dace a yi nema da ita, ita ma sai an share ta da TRIM, domin tazara ɗaya da ta maƙale a ƙarshenta ta isa ta haifar da #N/A. Wannan alama kuwa ba abin ɓoyewa ba ce. Masu lulluɓe ta da IFERROR don jadawali ya yi kyan gani, suna mayar da ita sifili, ɗalibin da ba a gano ba suke mayarwa wanda ya faɗi.

A 2019 kamfanin Microsoft ya gabatar da XLOOKUP, wanda ke neman ainihin abu tun daga farko, amma babu shi a Excel 2016 da 2019, kuma shi ma bai san Mohammed shi ne Muhammad ba. Ya kamata kowane sashe ya wajabta amfani da lambar rajista, sannan kafin a kai sakamako gaban Majalisar Dattawan jami'a, wani malami daban ya tsinto wasu sunaye ya gwada makinsu da takardun amsa na asali.