TABO A IDON KAMARA DA DOGON JIRAN GYARA

 

Zancenmu na wannan wata a kan kamara ne, watau na'urar ɗaukar hoto. Wani zai ce, ina ruwan manomi da kamara? To, da ruwansa. Hoton katin ɗan ƙasa daga gare ta yake fitowa. Haka hoton yaro mai shiga jarrabawa a lakwal, da hoton biki da na suna. Kuma yau salula da yawa suna da kamara a bayansu. Makiyayi yakan ɗauki hoton sa, ya aika ma dillali tun bai kora shi kasuwa ba.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne abin da ya sami ɗan ƙanena bara. Da damana manomi ne, da rani mai hoto. Ya sayar da wake da raguna biyu, ya sayo kamara ta hannu a birni. Ran kasuwa yakan rataya farin ƙyalle a bango, mutane su zauna ya ɗauke su. Bayan kaka sai ya ga wani jan layi siriri ya ratsa kowane hoto, daga sama har ƙasa, kullum a wuri ɗaya. Ya goge gilashin gaba, layin bai gushe ba. Ya zo ya ce mini, "Baba, wa zai biya kuɗin hoton da aka tsaga masa fuska biyu?"

Ya kai ta wurin wani mai gyara a birni. Mai gyara ya ce ya dawo bayan sati biyu. Ya biya rabin kuɗi, bai karɓi takarda ba. Sati biyu suka zama wata huɗu. Duk zuwan da ya yi, sai a ce kaya suna hanya. Kuɗin mota ya tafi, bukukuwan bayan kaka sun wuce, wani mai hoto ya zauna a gindin bangonsa. Da kamarar ta dawo ya yi lissafi. Abin da jira ya ci masa ya fi kuɗin gyara nesa. Kamar san noma ne ya kwanta ran da aka yi ruwan shuka.

ƘWAYAR IDON KAMARA

A da, kamara fim take ci. Sai an kai fim an wanke kafin a ga hoto. Ta yanzu ba ta cin fim. A bayan gilashinta akwai wani ɗan faranti, shi ne ƙwayar idonta. Da silikon ake yin shi, wanda ake tacewa daga wani irin farin dutse da rairayi. Na babbar kamara milimita 36 ne a tsawo, 24 a faɗi, bai kai kwalin ashana ba. Na salula kuwa, da yawansu ba su kai ƙumbar yatsa ba.

Wasu masana biyu, Willard Boyle da George Smith, suka ƙago irin wannan ido a Amurka a 1969. A 1975 wani injiniya na kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kamara marar fim da shi. Sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya.

Ku ɗauki farantin nan kamar gona ce da aka sare ramukan shuka a jere. Haske yana sauka bisa ramukan kamar ruwan sama. Kowane rami yana auna abin da ya samu, ya zama ɗigo ɗaya cikin hoto. In an ce kamara mai megafiksel 12 ce, ramukanta miliyan 12 ke nan. In rami ɗaya ya mutu, sai a ga ɗigo. In kunya guda ta mutu, sai a ga layi, irin na ɗan ƙanena.

ƘURA CE KO CIWO NE?

Ba kowane tabo ne ciwo ba. Sai mu rarrabe.

In ƙura ce ta hau farantin, za ka ga tabo mai duhu-duhu, kamar inuwa. Ya fi fitowa a hoton sararin sama ko na farin bango. Wannan da sauƙi. Ana share shi cikin yini ɗaya.

In ɗigo ne ja, ko kore, ko shuɗi, ko fari tas, wanda ya fi fitowa a hoton dare, to, rami ne ya lalace. Wasu kamarori suna da wuri cikin tsarinsu da ke rufe irin waɗannan ɗigo. A tambayi wanda ya sani.

In kuwa layi ne, ko hoto ya koma baƙi ƙirin, ko launi ya zube kamar shuni a ruwa, sau da yawa ciwon ya kai ga farantin kansa ko wayoyinsa. Shi ba a like shi. Sauya shi ake yi. Ba a ƙera shi a ƙasarmu, kuma kowace irin kamara da nata. Ga tushen dogon jira. Ba kullum ne laifin mai gyara ba.

A salula, yawancin dusashewar hoto datti ne ko maiƙon hannu bisa gilashin waje. A fara gogewa da tattausan ƙyalle kafin a tafi wurin gyara.

HAR MANYA YA TAƁA

Kada wani ya ce don kayan talaka ne. A 2005 kamfanin Sony na Japan ya amsa cewa wasu farantan da ya ƙera tsakanin 2002 da 2004 suna da aibi. Zafi da laima suna sa ƴan wayoyin ciki su saki, hoto ya ɓace. Wasu kamfanoni, irin su Canon da Nikon da Fujifilm, sun sa farantan nan cikin nasu kamarori. Aka yi ta gyara ma mutane kyauta. Ku lura da dalilin: zafi da laima. Su ne abincinmu daga bazara zuwa damana.

Akwai kuma kamarar Leica M9 ta ƙasar Jamus, wadda ta fito a 2009. Kuɗinta a lokacin ya wuce sefa miliyan 3. Duk da haka, laima ta riƙa cin gilashin da ke rufe farantinta, tabo ya yi ta yaɗuwa. A 2014 kamfanin ya amsa zai sauya kyauta. Masu ita suka aika, da yawansu suka yi watanni suna jira. A 2017 aka taƙaita kyautar. A 2020 kamfanin ya ce farantin ya ƙare, ba a ƙera shi kuma.

Darasi biyu ke nan. Na farko, wanda ya san labari da wuri, ya kai kayansa cikin wa'adi, shi ya ci moriyar gyaran kyauta. Na biyu, tsohuwar kamara tana iya zama ba ta da kayan gyara ko'ina a duniya. Kuma tsofaffin su ne suka fi zuwa kasuwanninmu da araha. Araha ba ta ado.

KAFIN KA SAYA

Ba ka sayen sa sai ka duba haƙora, ka ga tafiyarsa. Haka kamara ko salula. Ɗauki hoto uku a gaban mai kaya. Ɗaya na farin bango. Ɗaya na duhu, ka rufe gilashi da murfinsa. Ɗaya na fuskar mutum. Ka buɗa kowane hoto ya yi girma, ka bi shi kusurwa kusurwa. In ka ga tabo ko layi a wuri ɗaya cikin hoto biyu, mayar masa da abinsa.

In ka yarda ka saya, a rubuta maka resi, watau takardar saye. A sa ranar saye, da kuɗi, da lambar da ke ƙarƙashin kamara, da watannin garanti in akwai. Ka karanta da kanka kafin ka tashi. Ka ɓoye ta inda kake ɓoye takardar gona.

RIGA-KAFI

Lokacin hazo, kada a cire gilashin gaba a fili. A shiga ɗaki, a kifa bakin kamara ƙasa. Kada a hura faranti da baki, yawu yana ɓata shi. Kada a goge shi da bakin riga. Akwai ɗan famfon roba na hura iska, shi ake amfani da shi.

Kada a daɗe ana auna rana tsaka da kamara. Haka wutar masu walda, da fitilar leza ta wurin biki. Suna ƙona ramukan. Kada a bar ta cikin mota a rana. Da damana a sa ta cikin mazubi mai murfi, tare da ƴan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu cikin kwalin takalmi ko na magani.

Masu babur, ku ma da naku. A 2021 kamfanin Apple ya gargaɗi mutane cewa girgizar injin babban babur tana iya lalata kamarar salula in an ɗaure ta a jikinsa. A sa ta aljihu ya fi.

IN GYARA YA ZAMA DOLE

Na ɗaya: cire katin da hotuna ke ciki, ka riƙe. Hotunan mutane amana ne.

Na biyu: tambayi mai gyara, abin sauyawa yana hannunsa, ko sai an sayo daga waje? In sai an sayo, kuma kamara tana ɗan aiki, riƙe abinka har ya iso.

Na uku: karɓi takarda. A rubuta lambar kamara, da ciwonta, da kuɗin gyara, da abin da ka biya, da ranar karɓa. A kuma rubuta abin da za a yi in ranar ta wuce.

Na huɗu: kada ka biya duka kafin ka ga aiki. Ran karɓa, sake ɗaukar hoton nan uku a gabansa.

Na biyar: yi lissafi. In kuɗin gyara ya haura rabin kuɗin wata kamara mai lafiya, yi tunani sosai.

Na shida: duba lokaci. In ciwon yana haƙuri, a kai gyara da damana, sa'ad da kake gona. Kada a kai ana gobe salla ko gab da kaka.

Ɗan ƙanena ya ɗauki darasi. Shi da masu hoto uku na kasuwannin kewaye sun yi adashe, sun sayi ƙaramar kamara ta ajiya. Wanda tasa ta tafi gyara, sai ya ɗauki wannan, kada gindin bangonsa ya kwana babu kowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu injin ban ruwa na garka da masu injin niƙa, ku ma wannan dabara za ta yi muku.

Wanda ya karanta, ya karanta ma maƙwabcinsa. Allah ya tsare mana dukiyarmu. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.